Sunan da Goggo Luba Ba Ta Faɗa

In an ce an ɗaure wata mace a ƙauyenku, ka taɓa tambayar inda aka kai ta bayan an watse daga kotu? Ni dai ban taɓa ba, sai da na san Goggo Luba.

Sana'ata sayen masara. Ina bin kasuwannin Doguwa da Tudun Wada da Kwanar Ɗangora, in auna, in ɗinke, in ɗora wa mota. A Kwanar Ɗangora na fara ganinta, cikin 1996, a jerin matan da ke share gindin buhuna suna sheƙe abin da ya zube. Su shida ne, biyar bakinsu ba ya hutawa. Ita doguwa ce siririya, ba ta ce wa kowa uffan, kuma kafin sauran su cika kwano ɗaya ta cika biyu. Sai dai da zarar an koro shanu za a shiga kara, sai ta ajiye faifai ta miƙe tana bin makiyayan da kallo. Na ɗauke ta aiki, tana bin motata kasuwa-kasuwa, a nan na riƙa jin labarinta gutsure-gutsure.

A wata ruga kusa da Ɗansoshiya aka haife ta, a nan ta auri ɗan baffanta. Ta haifi uku, na farin kaɗai ya rayu. Tallan nono take yi a ƙauyen manoma da ke maƙwabtaka da su, kuma babu gidan da ba ta shiga.

Da bazarar 1984, shekarar da hatsi ya yi wuya, wata rana wutar murhunta ta mutu, ga shi babu ashana. Ta ɗauki kasko ta je gidan da ya fi kusa ta ɗebo garwashi, kamar yadda kowace mace ke yi. Tana wucewa ta bayan danga guguwa ta taso ta kwashe abin da ke kaskon. Rumbu bakwai suka ƙone ƙurmus, da ɗakin wani tsoho da ƙafa ta daɗe da kwantar da shi. Bai fito ba. Abin da ya ɓata lamarin, kwanaki kaɗan kafin nan shanun mijinta sun shiga lambun albasar gidan tsohon, har an yi cacar baki. Saboda haka babu wanda ya yarda tsautsayi ne. Mijin ya ji ana maganar ramuwa, a ranar ya kora garke ya yi kudu da yaron, yana ɗan shekara bakwai.

Aka yanke mata hukunci a Kano. Ɓangaren mata na kurkukun ya cika, sai aka zuba su tara a mota, aka yi ta tafiya har aka haye babban kogi. Garin da aka kai su har ta mutu ba ta iya faɗin sunansa daidai ba. Can aikinsu fasa kwakwar manja da ɓare rogo da toya gari. Ta ce ruwan sama ba ya ɗaukewa, tufa ba ta bushewa, kuma shekara da shekaru ba ta ji kukan saniya ba. Cikin taran, uku can aka binne su.

Akwai wata gandiroba mai kirki, Hausarta kaɗan ce. Ta bi sababbin zuwa ɗaya bayan ɗaya tana tambayar sunan miji da na ɗa, don ta ba direbobin da ke kawo shanu daga arewa saƙo, dangi su san inda mutum yake. Da ta zo kan Luba, sai Luba ta sunkuyar da kai. Miji ne fa da ɗan fari, ta yaya za ta kama sunansu? Matar ta sake tambaya, ta kuma sakewa, daga nan ta dafa kafaɗarta ta wuce, a zatonta baiwar Allah ba ta da kowa. Na sauran saƙo ya tafi, har wasu aka zo dubiya. Ita kuwa a gida aka yi ta jira, aka gaji, aka ce ta rasu.

Da na ji wannan na kasa haƙuri. Na ce, “Haba Goggo, kalma biyu ce fa.”

Ta ce, “Sale, ɗaure ni aka yi, ba kunyata aka cire ba.”

Da aka sake ta, ta biyo motar goro ta dawo. Inda rugarsu take ta tarar da gonar rake. Wata tsohuwar mai sayen nononta ta gane ta, ta ba ta ruwa a bayan gida, ta ce ta yi sauri ta bar garin kafin 'ya'yan tsohon nan su ji. Mijin, in ji ta, an ce ya rasu a kudancin Kaduna. Yaron kuwa babu wanda ya san hannun da yake.

Ni mutum ne da ba na son aiki a tsaye. Na ce neman mutum ai kamar neman kaya ne, a san suna, a san alama, a raba kasuwanni. Alama ta bayar: tabon ƙaho a saman girar hagu, da kafaɗa ɗaya da ke saukowa in yana tafiya, irin ta mahaifinta. Suna kuwa sai da muka yi ta kewaye, kafin ta ce mai sunan mala'ikan da ke sauko wa annabawa da saƙo. Jibrin ke nan. Na kai wa Idi, dillalin shanu a Tudun Wada. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce in Bafillace mai tabo nake nema mai suna Jibrin, gara in ce ya nemo mini akuya mai kunne biyu. Duk da haka ya sa kunne. Muka samo Jibrin goma sha ɗaya, huɗu masu tabo, uku suka yarda suka zo. Kowanne ta dube shi ta gefen ido, ta girgiza kai, ta ɗauki faifanta.

Ran wata kasuwar Tudun Wada, da kakar 1998, ina wajen awo sai na ji an ja hannun rigata. Ita ce, tana haki, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce ɗan nan yana kara. Na bar buhu a buɗe muka kutsa cikin jama'a, ga amalanke, ga masu rake, ga jakuna. Kafin mu isa motar da ya shiga ta tashi, ko bayanta ban gani ba.

Ashe ta gan shi sarai. Ya sayar da bijimai biyu, yana tafiya wajen wata a-kori-kura, kafaɗar nan a sauke. Tana kusa da shi, in ta ɗaga murya zai ji. Ta ce kai, ta ce yaro, ta ce mai sanda, amma a kara kowa yaro ne kuma kowa da sanda. Bai waiwayo ba. Shi ne ta juya ta zo nemana.

Na ce, “Goggo, me ya hana ki kira shi?”

Ta taɓa maƙoshinta. “Na buɗe baki, Sale. Nan ya zo ya tsaya.”

Idi ya bincika, aka ce su yaron baƙi ne daga bayan Saminaka, kuma suna shirin tashi. Na je Saminaka sau biyu, na shiga ruga takwas, aka ce an yi gabas, wasu suka ce kudu. Ko shi ne ko ba shi ba, ni ban sani ba. Ita dai ba ta yi shakka ba, kuma daga ranar ba ta sake zancensa ba. Da damina ta kwanta a ɗakin wata mai tuwo a Kwanar Ɗangora, ba ta tashi ba. Mu bakwai muka yi mata salla, babu Bafillace ko ɗaya.

Na ji masu cewa wauta ce ta yi. In kana cikinsu, ran kasuwar garinku ka bar wani naka ya yi gaba cikin cunkoso, bai san kana baya ba. Ka tsayar da shi ba tare da ka kama sunansa ba. Don Allah ka gwada, ka gani ko zai waiwayo.