Kulocin da ba ya riƙewa

A shekarun da aka hana 'yan acaɓa shiga tsakiyar Abuja, aikinsu ya dawo mana Kubwa, ni kuma shagona na baƙin mai da kayan babur yana bakin hanya. Gini ake ta ko'ina, tifofi na wucewa tun safe. Da abin hannuna na buɗe shagon, ba wanda ya ɗora ni, kuma abin da ya tsayar da ni shi ne ba na sayar wa mutum man da zai kashe masa inji.

Wata rana da tsakar rana wani dattijo ya iso da babur. Manomin doya ne daga wani ƙauye a bayan Sheda. Hausarsa irin ta kasuwa ce, namiji da mace duk ɗaya.

"Oga mai mai, ana riƙe ni," ya ce.

"Wa ke riƙe ka, Baba?"

Ya ce babur ɗin na ɗansa ne, wanda ya yi acaɓa a nan Kubwa har zazzaɓi ya ɗauke shi bara. Akwai wani hawa kafin shiga ƙauyensu. Duk lokacin da ya kai tsakiyarsa, injin sai ya yi ta kuka, babur kuwa ya ƙi gaba, kamar wani ya kama ƙarfen ɗaurin kaya ta baya. Matarsa ta ce a jingine shi a gindin bishiya a bar wa mai shi. In aka yi haka, doyarsa ba ta da mai kai ta kasuwa.

Na tambaye shi baƙin man da yake zuba wa injin. Ya kwance galan daga baya yana alfahari. Ɗan ƙanensa direba ne a Maitama, shi ke kawo masa ragowar man motar ubangidansa.

"Mai tsada ne. Ogan tana da kuɗi."

Na ce, "Baba, tsadar ce ta cuce ka. Mota man injinta daban, na giya daban, kulocinta ba ya taɓa su. Wannan babur kuwa mai ɗaya ke yi wa inji da giya da kuloci aiki, kulocin a cikin man yake kwance. Man mota irin wannan an ƙara masa santsi. Farantan kuloci sai su riƙa zamewa, a kan hawa aka fi ji. Ba wanda ke riƙe ka. Kulocinka ne ba ya riƙewa."

Bai yi musu ba. Makaniken da ke aiki a gaban shagona ya sa tasa, ya kwance ƙusar ƙasa, man ya zubo yana warin ƙuna. Ya fito da farantan sun yi sulɓi kamar madubi, sai ya shiga ciki ɗauko sababbi.

Muka rage ni da dattijon, mun sunkuya a kan tasar. Man ya kwanta lumus, yana nuna sama da bakin rufin kwanona. Na ga kaina da hulata. Na ga kansa. A bayan kafaɗarsa akwai wani kan, ya ɗan karkata kamar mai leƙen hanya. Na ɗago. Babu kowa, sai rana da titi. Makaniken yana ciki, ina jin ƙarar kwalayen da yake turawa. Dattijon bai ɗago ba, yana ta kallon man.

Aka sa sababbin faranti. Na zuba masa man babur, mai kaurin da ya dace da zafinmu, na nuna masa hoton babur a jikin robar don kada a yaudare shi a wani wuri. Ya tafi.

Bayan 'yan makonni ya dawo, babu kaya a baya.

"Ya hawan, Baba?"

"Tana hawa kamar iska." Ya zauna a bencina, ya daɗe yana murza hannuwansa. "Ka mayar min da tsohon man."

Na ce masa ban gane ba.

"Da, lokacin da ɗana yake goya ni, a wurin nan yake tsayawa in sauka, in taka da ƙafa, yana min dariya wai na yi nauyi. Yanzu ina wucewa kawai. Babu kowa a baya."

Tsohon man yana cikin duron da nake tara wa kafintoci su shafa wa katako, ya gauraye da na wasu. Ko da yana nan daban, ba zan zuba ba, na kuma gaya masa. Na ce ranar da zai zo wuce tirela a hanyar Lokoja, ya murɗa totur kuloci ya zame, ba hawan ƙauye ba ne.

"Mama ta riga ta binne ɗaya, Baba. Ba zan sayar maka da abin da zai sa ta binne na biyu ba."

Can ya ce, "To farantan fa?"

Suna nan cikin tarkacen ƙarfe. Makaniken ya tono su, yana ƙunƙunin wai yau har shara ta yi kasuwa. Dattijon ya naɗe su a tsumma, ya ɗaga kujerar babur ya cusa su a ƙarƙashinta, ya ɗaure da roba. Ban karɓi komai ba.

Ya tayar da babur, injin na tafiya daidai. Kafin ya sa giya, sai ya matsa gaba har ya kusa hawa tanki, ya ɗan jira. Na san nauyin farantan nan, ba su kai ƙwaryar gari ba. Amma da ya hau titi, bayan babur ɗin ya zauna ƙasa kamar na mai goyo, haka kuma ya tafi har tifofi suka rufe min shi.