Albasar da Aka Ba Ruwa da Sunana

Shekaru masu yawa na yi ina malamin gona tsakanin Aliero da Maiyama. Da na ajiye aiki, abin da na tsira da shi shi ne suna, sai wani tsohon littafi mai baƙin bango da na cika da hannuna a kan albasa, tun daga reno har ajiya a rudu, wato rumfar karan da muke jera ta a ciki iska na ratsawa. Ba na son a taɓa mini ko ɗaya daga cikin biyun nan.

Wanda ya taɓa su ɗan abokina ne, magidanci da 'ya'yansa, yana da shagon kwamfuta a Jega. Uban nasa babban manomin albasa ne a Sabiyal, amma shi ɗan tun yana ƙarami ya fi son inuwa. Ya zo gidana ya durƙusa, ya ce yana son aron littafin ya ɗauki hotonsa don kada ilimin ya ɓace. Har albarka na sa masa, kuma in na tuna da wannan albarkar raina ɓaci yake yi.

Ashe wata manhaja ya samu, wadda ake zuba wa rubutu kaɗan ta haifo shafuka barkatai. Ya zuba mata littafina, ta yi ta amayo bayanai tana lodawa a shafinsa na intanet, kowanne da cewa daga bakin tsohon malamin gonar Aliero ya fito. Bai karanta ko ɗaya ba. Burinsa dai masu amsa tambayar nan na cikin waya, da ake kira ƙirƙirarriyar basira, su riƙa ambaton shafinsa duk lokacin da wani ya yi tambaya a kan albasa. Kuma sun riƙa ambatonsa.

Ban san komai ba sai da wani manomi daga Fagada ya yi mini sallama da hantsi, riƙe da albasa guda a hannu. Ya matsa wuyanta, baƙin ruwa ya tsiyayo.

"Malam, kai kac ce a ba ta ruwa jajibirin cira, ƙasa ta yi taushi," in ji shi. "Waya ta hwaɗa mini, ta ce kai kac ce. Rudu guda ya tahi."

Kowa a ƙasar nan ya san ana yanke wa albasa ruwa tun da sauran kwanaki, a cire ta, a bar ta kwance lawashinta na rufe da ita har wuyan ya bushe. Haka na rubuta. Shi wannan bawan Allah geronsa ya sani, albasa sabon shiga ne, ya ji an ambace ni ya yarda. Da ya tafi na kasa cin abinci. Haushi nake ji.

Na je Jega na sami mai shagon. Ya yi 'yar dariya, ya ce, "Kawu, na'ura ce tai kuskure, za a gyara." Bai gyara ba. A kasuwa kuwa an fara cewa tsufa ya taɓa malamin gona. Sai na daina magana na shiga jira, domin so nake ya ji abin a jikinsa.

Damar ta zo ranar wani taron suna a Maiyama. An shafa fatiha, ana rabon goro, dattawan albasa sun cika tabarma, uban mai shagon na tsakiya, shi ma ɗan ya zo. Na ɗauko manomin Fagada a babur na zaunar da shi kusa da ni. Na kira mai shagon cikin fara'a, na ce idona ya yi rauni, ya taimaka ya tambayar mini wayarsa yadda ake cirar albasa, ya ƙara sauti kowa ya amfana. Ya so ya zame, amma mutane sun riga sun juyo.

Wayar ta karanto komai da muryarta mai sanyi, ta ce a ba da ruwa jajibirin cira, ta ambace ni, ta ambaci shafinsa. Na zaro littafina daga aljihu na miƙa wa liman, ya karanta abin da na rubuta da hannuna. 

Uban ya dubi ɗansa. "Kai ɗan gidana ne, kuma ba ka san wanga ba?"

Aka fara ba ni haƙuri. Na ce ban zo neman haƙuri ba. Na ce mai shagon yana da 'yar gonarsa ta gado daga wajen uwa a bakin fadama, albasarta ta kusa cira, to ya bi abin da ya watsa wa duniya da sunana, da hannunsa. Wasu suka ce na tsananta. Uban ya ce haka za a yi, kuma shi uban ya ba manomin Fagada iri na baɗi daga nasa.

Na je na tsaya a kan gonar ranar da ya ba ta ruwa. Na koma washegari na ga ya cire ta jiƙe, wandonsa duk taɓo, ya jera a rudu. Bai ɗago ya dube ni ba, ni ma ban ce masa sannu ba.

Ya goge shafin a makon, ko da yake an ce wayar ta daɗe tana maimaita maganar. Bayan wata guda na ɗauki manomin Fagada muka bi ta wajen rudun mai shagon. Tun daga nesa warin ya tare mu, ƙudaje sun yi baƙi a jikin karan. Manomin, shi da tasa albasar ta ruɓe tun farko, ya toshe hanci, ya ce, "Malam, mu wuce, abin ya isa hakanan."

Na kashe babur na ce ya ɗan dakata mini. Ni ban toshe nawa hancin ba.