Jakar da Unguwa Ta Taya Ni Godiya

Ni da jaka mun saba. Tun ina da ƙuruciya nake fatauci, kuma kusan kowace tafiya sai wata jaka ta mutu a hannuna, ko zif ya ɓalle ko hannu ya tsinke. Kano, Kwatano, Dubai, Istambul, ƙasar Sin, har Holan na je sarin atamfa lokacin da gwiwoyina ke jin magana. Kakanmu da ƙafa ya taso daga ƙasar Katsina zai je Makka, ya iso garin nan ya ce bari damina ta wuce tukuna. Har ya rasu bai ɗaura kaya ba. Inna takan ce ni na gaji tafiyarsa, ƙanena kuma ya gaji tsayawarsa, don shi ma karatu ya je yi Faransa, ga shi har ya yi furfura bai dawo ba.

Sai ɓarin jikin Inna ya shanye. Mijina ya rasu, 'ya'yana duk suna gidajensu, don haka ba a ma yi shawara ba, kowa ya juyo ya kalle ni. Na kwaso kayana na dawo gidanmu da ke unguwar Amriguébé na shimfiɗa tabarma a gefen gadonta. Wanka, magani, kunu, fitsari, haka rana ke fitowa ta faɗi. Tafiyata mafi nisa ta zama farmasi sayen magani, shi ma da sauri-sauri a kan klando, ina cewa mai babur ya ƙara wuta. Ba ƙorafi nake ba, uwata ce. Amma idan jirgi ya wuce ta saman gida ina shanya zanin gado, nakan tsaya da zanin a hannu har ƙararsa ta ɓace.

Ina da ƙawa, 'yar Kano ce da ta zo garin nan da aure, shagonta na kusa da nawa a unguwar Klémat. Tare muke tafiya sari, ɗaki ɗaya muke kamawa, kwantena ɗaya muke haɗawa. Ta yi ta jira na har kayan shagonta suka soma ƙarewa. Daga baya ta faɗa mini gaskiya: bayan Babbar Salla za ta tafi Sin, in ban samu zuwa ba dole ta haɗa da wata mata daga unguwar Habbena da ta daɗe tana roƙonta. Ni kuwa na san irin wannan haɗin, in aka ƙulla shi ba a kwancewa. Na gaya wa ƙanena. Ya ce, "Yaya, kada ki damu. Zan ɗauki konje, ni da madam mu zo mu karɓe ki, ki je ki dawo." Konje hutun aiki ke nan. Na riƙe maganar nan, ina kwana da ita ina tashi da ita.

Ana saura kaɗan Salla wani abokin ƙanena ya sauka daga jirgi ya kawo mana saƙo. Kwali ne, cikin kwalin wani kwali, cikin wannan kuma buhun yadi mai laushi kamar na jariri. Na zaro jaka. Fata ce ta gaske, hancina ya gaya mini tun kafin hannuna. Ɗinkin ba inda ya kauce. A gabanta kuma an buga hoton wata yarinya Baturiya, ta ɗaura shuɗin kallabi da jela ruwan ɗorawa, ta waiwayo ta kan kafaɗa, baki a ɗan buɗe, ɗan kunne yana sheƙi. Na san ta. A Holan ba inda ban gan ta ba: jikin kofi, jikin lema, har jikin safa. An ce wani mai zane ne na da can ya zana ta, asalin yana rataye a wani gida da ake biya a shiga kallo. Ban shiga ba, dila na jira na.

Na san kuma abin da irin jakar nan ke ci a shagunan da mai gadi ke buɗe wa mutum ƙofa. Ya isa tikitin mutum biyu zuwa da dawowa. Ina riƙe da ita na gane. Wanda zai zo da kansa ba ya aiko da irin wannan a hannun wani.

Inna ta ce in matso da ita. Ta shafa da hannunta mai lafiya, ta ce, "Masha Allah. Aika a kira mutane su taya mu godiya."

"Inna, bari in kira shi ni kaɗai tukuna. Akwai maganar da za mu yi."

"Kyauta irin wannan ki gode ke kaɗai kamar mara dangi? Me za a ce da mu?"

Haka muke yi. In an yi wa mutum alheri babba, bakinsa kaɗai bai isa ba, sai ya tara 'yan uwa da maƙwabta kowa ya sa nasa. Ni ma na sha zuwa gidajen mutane taya godiya. Ban taɓa tunanin yadda abin yake ga wanda ke da sauran magana a bakinsa ba.

Bayan azahar ɗakin ya cika. Ga Goggo ƙanwar babanmu, ga maƙwabciyarmu Balarabiya da muka tashi tare, ga matan gidan liman, ga ƙawata ta zo daga shago. Na dafa shayi, aka ɗora jakar a kan filo a tsakiya kamar amarya.

Goggo ce ta fara. Ta sa tabarau ta cire ta sake sawa. "Wannan 'yar waye?"

"Ba 'yar kowa ba ce, Goggo. Zane ne. Duk duniya an san shi."

"To ni ban san ta ba. Kuma wa ya koya mata ɗauri? Kamar mai ciwon kai."

Aka kwashe da dariya. Maƙwabciyarmu ta ce, "La, la, samha ce wallahi, kyakkyawa. Sai dai ba ta da gira. A sa mata kwalli kaɗan, a lulluɓa mata lafaya, gobe a kawo sadaki."

"Ta rufe bakin dai tukuna," in ji Goggo. "Ƙuda zai shiga."

Wata daga matan gidan liman, wadda ta yi lise, wato sakandare, ta ce ita abin da bai yi mata ba shi ne raini. Mutum ya zauna ya zana abu da hannunsa, mutane na tsallaka ƙasashe su je gani, sai a manna shi a jikin abin da za a ajiye a ƙasa a gidan biki, a cusa masa goro da canji. Ƙawata ta ce ai nan ne wayon. Fatar da ɗinkin su ne jakar, hoton kuma don a hango daga nesa a san kin kashe kuɗi. Ta juya jakar tana duba cikin, tana jan zif ɗin kusa da kunnenta. Na gane kallon, kallon 'yar kasuwa ne.

Suka tambaye ni nawa ra'ayin, tunda ni ce na ga duniya. Na ce ni jaka a wurina abu biyu ne, ta ɗauki kaya kuma kada ta ja ido. Wannan ko kwalbar turare biyu ba za ta ɗauka ba, ga shi duk wani ɗan kwastan daga nan har Dubai zai gan ta ya gyara zama. Suka yi dariya, suka ce Hajiya ba ta rabo da tsiya. Ni ma na yi.

Da aka kira la'asar Goggo ta miƙe za ta shimfiɗa darduma, sai ta tsaya. "Ni ba zan yi salla wannan na kallona ba. Mala'iku ma ba sa shiga ɗaki mai hoto." Aka ɗan yi ja-in-ja, wasu na cewa ai na fasfo ma hoto ne. Inna ta yanke hukunci daga kan gado: a juya fuskarta bango lokacin salla, in an idar a juyo da ita. Ni aka ba aikin. Na ce to, na samu mutum biyu ke nan da nake juyawa a ɗakin nan. Inna ta harare ni da idonta ɗaya mai motsi sosai, amma na ga gefen bakinta ya ɗaga.

Ana idarwa Inna ta ce a kira ƙanena, a wayar da ake ganin fuska. Ya fito yana cikin mota, da rigar sanyi. Aka fara da Inna. Ta sa masa albarka har muryarta ta shaƙe. Aka miƙa wa Goggo, wadda ɗazu ta gama zagin ɗaurin yarinyar, ta ce, "Ɗana, ba mu taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba. Ka fitar da yayarka kunya." Maƙwabciyarmu ta yi nata da Larabci, matan gidan liman suka yi addu'a aka shafa. Kowa na cewa Allah ya ba mu ƙane irinsa. Wayar na zagayowa hannu zuwa hannu, ina ganin tana matsowa, ina ta jera maganata a zuci. Yaushe za ku taso? Kalma huɗu ce kawai.

Ta iso hannuna da ɗumi. Duk an zuba mini ido ana murmushi.

"Yaya, ta yi miki?"

"Ta yi, ƙanena. An gode. Allah ya ƙara buɗi."

"Madam ce ta zaɓa. Ta ce Yaya ta san kaya, ba a kai mata na banza."

"A gaishe ta. A ce na gode." Na matso da wayar kusa. "To, batun…"

Ya kalli gefe, kamar wani na masa magana ta taga. "Yaya, wallahi aiki ne ya yi yawa bana. Sun hana konjen. Amma muna nan muna dubawa, in sha Allahu. Ke dai Allah ya saka miki, abin da kike yi wa Inna ba mai iya biyanki."

"Amin, amin," ɗakin ya amsa gaba ɗaya, tun kafin in buɗe baki. Goggo ta ce Allah sarki, yaron nan yana wahala a ƙasar sanyi. Da me zan fito bayan wannan? In ce a gaban mutanen da suka bar aikinsu suka zo taya ni godiya, kyautar ba ita nake so ba? Na ce Allah ya taimaka. Ya ce ana jiransa. Fuskarsa ta ɓace, na ga tawa a gilashin.

Mutane suka watse, ƙawata ta tsaya tana taya ni kwashe kofuna. A tsakar gida ta ce a hankali, "To, Hajiya?"

"Ki kira matar Habbena. Ki gaya mata kada ta yarda da farashin farko, kuma ta tafi da yajinta saboda abincin can."

Ta sake ɗauraye kofin da ta riga ta ɗauraye. Can ta ce, "In roƙi wani abu? Ki ba ni aron jakar in tafi da ita. Akwai mai ɗinkin da zai fitar mana da irinta sak, mu cika shago. Rabonki na nan."

Na ji daɗin maganar fiye da yadda na zata. Muka koma ɗaki na gaya wa Inna. Ta saurara har na gama.

"Ba inda za ta," ta ce. "Kyautar ɗana ce. In mutane sun zo gaishe ni me zan nuna musu?"

Sai ni da ƙawata muka fito da jakar bakin ƙofa inda akwai sauran haske. Na riƙe ta a ƙirjina, ƙawata na ɗaukar hoto da waya, gaba da baya da ƙasa, tana auna faɗinta da taƙi. "Ɗaga sama kaɗan. Cire yatsanki daga fuskarta. Yauwa, kada ki motsa."

Na tsaya cak har ta gama. Ta gyara mayafi, ta tare klando a bakin layi, ta ce za ta kira ni in sun sauka.