Harsashin Orval na Biyar

Yayana Orval Tackett ya shekara talatin da ƙaramar bindiga a ƙarƙashin kwat ɗinsa, ni kuma na shekara talatin ina yi masa tsiya a kanta. Haƙa rijiyar burtsatse ce sana'arsa. Rabin gidajen ƙauyenmu da ke gabashin Oklahoma ruwansa suke sha. Ran Lahadi kuwa shi ne mai tsaron ƙofar coci, yana gaisawa da masu shigowa yana nuna musu wurin zama. Lasisin bindigarsa bai taɓa ƙarewa ba, bai kuma taɓa zaro bindigar a kan ɗan Adam ba.

Ni nas ce, a ɗakin taimakon gaggawa na tsufa. Na san abin da harsashi ke yi wa ciki, don haka ba na son jin daɗin bakin kowa a kan bindiga.

"Yaya, ranar da za ta tashi a wandonka, kada ka ce a kira ni."

"Nelda, ranar da mugu zai shigo, bayana za ki ɓuya, kina zagina kina ɓuya."

Haka muke tun muna da baƙin gashi.

Da labari ya zo cewa wani ya buɗe wuta a wani coci can nesa da mu, hankalin mutanenmu ya tashi. Fasto Hargis ya tara mu bayan ibada, ana cin wake da burodin masara ana musu. Wasu suka ce ɗan sanda mafi kusa sai ya yi minti ashirin kafin ya iso, wa zai kare yara kafin nan? Na miƙe na ce a ɗakin da mutum ɗari suke zaune kafaɗa da kafaɗa, harsashin mai ceto da na mugu duk rami ɗaya suke yi. Aka ƙi jin tawa. Aka yanke cewa mutum huɗu za su riƙa shiga da bindiga a ɓoye, Orval ne shugabansu. Maza goma sha ɗaya suka ɗaga hannu, kowa yana cika baki da barewar da ya kashe bara.

Orval ya ɗaga farantin takardar da ya gama cin wake a ciki. Ya ce, "Barewa ba ta da jikoki a bayanta. Ran Asabar kowa ya zo. Taku goma, harsashi biyar, duk a cikin faranti irin wannan. Wanda ɗaya ya kuskure masa, ya bar tasa a mota."

Abin da bai sani ba, na riga na ga hannunsa. Wata uku ke nan ina lura da yadda kofi ke rawa in ya ɗaga shi da dama, da yadda ya koma cusa hannun a aljihu. Na san sunan ciwon. Na same shi a garejinsa na faɗa masa ba kwana-kwana.

"Sanyi ne," in ji shi.

"A watan Yuni? Yaya, ka ji tsoron Allah. Bayan wanda za ka harba akwai 'ya'yan mutane."

Ya juya mini baya ya ci gaba da goge spana. Na fita raina a ɓace, ina tsoron girman kai zai sa ya ɗauki ran wani.

Ran Asabar da hantsi aka kafa farantai a jikin tarin ciyawa a gonar fasto. Na je, don in ga ƙarshen abin da idona. Masu cika baki suka yi ta zubewa. Dwight Sizemore, mai sayar da taya, ya sami biyu cikin biyar ya ce iska ce. Darlene Yocum, mai kaɗa mana piyano, ta ciro tata daga jaka ta zuba biyar a wuri ɗaya, ta ce, "Dwight, iskar ta tsaya da na zo, ko?" Aka yi ta dariya.

Orval ne na ƙarshe. Huɗu suka shiga tsakiya. Kafin na biyar na ga bakin bindigar yana rawa, ya daɗe yana saiti, sannan ya harba. Aka je aka duba. Harsashin ya ɗan gutsuri gefen farantin, rabin ramin a takarda, rabi a ciyawa.

"Ya shiga!" in ji Dwight. "Wallahi ya taɓa. Orval, kai fa ka koya wa rabinmu harbi."

Fasto ma ya ce, "Ɗan'uwa Orval, ai wannan ba abin magana ba ne."

Ba wanda ya san komai sai ni, kuma na kama bakina. Da a ce Orval ya yarda da maganarsu, da shi ke nan, ya wuce. Ya tsaya yana kallon farantin nan kamar yana karanta wasiƙa.

"Wato mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi ke nan?" in ji shi. Ya zaro hannun dama daga aljihu ya miƙa shi a gaban kowa, yana karkarwa. "Ku duba da kyau. Wannan gefen da kuke cewa ya taɓa, kunnen jikar wani ne. Darlene, ke ce shugaba."

Ya juye sauran harsasan a tafin hannunsa, ya miƙa wa fasto bindigar ya ce a ajiye masa. Ban taɓa alfahari da mutum kamar ranar ba, har na rasa abin tsiyar da zan yi masa.

Washegari na iso coci na tarar da shi a bakin ƙofa ba kwat, rigarsa a soke cikin wando, kowa na ganin ƙugunsa fayau. Wasu sun so a mayar da shi kujerar ciki a sa mai makami a ƙofa, ya ƙi.

"To, Yaya, ka dawo layina ke nan."

"Allah ya kiyaye. Har gobe ke ce ba ki da gaskiya. Hannuna ne ya canza, ba ra'ayina ba."

"In mugun ya zo fa? Da me za ka tare shi?"

"Zan miƙa masa hannu in ce barka da zuwa. Kafin ya gama da ni, Darlene ta tashi daga piyano."

Na dube shi, tsoho ɗan shekara saba'in da ɗaya, hannu na rawa, ya cika ƙofar da kafaɗunsa. Ban shiga na zauna ba. Na karɓi rabin littattafan waƙar da ke hannunsa na tsaya a gefensa, muka ci gaba da tarbar mutane.