Kira na Uku a Tashar Adjamé

Shekara goma sha ɗaya na yi ina zama a hagun Yaya Balaraba duk ranar gwajin 'yan wasa, ni da littafi da biro, ita da mafici da kujerarta ta roba wadda take juya wa dandamali baya. Ni ce Ikilima, mai ɗinka wa ƙungiyarmu ta Zumuntar Zango kayan wasa. Rubuta sunaye ma a kaina ya faɗa, don na yi aji shida a makarantar Faransanci. Ita ko ƙofar aji ba ta taɓa takawa ba. Atamfa take sayarwa a kasuwar Treichville, a rumfar da ta gada daga mahaifiyarta, amma abin da Hausawan Abidjan suka san ta da shi kunnenta ne.

Wasanni uku muke yi a shekara, biyu na magana zalla, ɗaya mai waƙa da kiɗa. Mukan fara a zauren da muke amfani da shi a layin Avenue 16 na unguwar Treichville, sannan mu loda kaya mu zaga Bouaké da Daloa da Gagnoa, duk inda akwai zangon Hausawa. Wanda zai fito a matsayin wa, wannan aikin Balaraba ne ita kaɗai. Ranar Lahadi takan je tashar Adjamé ta zauna a bencin mai shayi, ba tafiya za ta yi ba, sauraron masu kiran fasinja kawai take yi. A can ta samo Abdurrashid yana ihun “Korhogo, mutum biyu!”, ya yi mana shekara bakwai yana sa mata kuka a zaure.

A wurin gwaji ba ta kallon kowa. Ta ce ido yana jin kunyar ɗan mai kuɗi, kunne kuwa bai san ɗan kowa ba. Lamba nake ba mutum, ya hau ya yi abinsa, in murya ta yi mata sai ta tambaye ni sunan mai ita, ta riƙe a ka. Takarda kuwa mun daina mannawa a ƙofa tun shekarar da wani shaiɗani ya goge suna ya sa na ƙanensa, aka yi dambe har da fasa fitila. Tun daga nan ta kafa doka: ranar Asabar ta tsaya a dandamali ta kira sunan kowa da bakinta, shi kuma ya ce na'am. Wanda sunansa bai fito daga bakin Balaraba ba, ba shi da rol, wato matsayi a wasan. Wanda aka kira sau uku bai amsa ba, an wuce shi.

Suna ɗaya ne a duniya bakin nan bai taɓa faɗa ba, na ɗanta na fari, Zaharadeen. Haka muka taso muka tarar: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane. Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi zuwa Adjamé, a can ya girma. Ƙannensa, Bilki da Sa'ad, tana ƙwala musu kira har a ji a layin masu tukwane. Shi kuwa “yaron nan na Adjamé” ne, ko da ya kai shekara ashirin da bakwai yana tuƙa injin ɗaga kaya a bakin tashar jiragen ruwa. Mu mun san wannan kunya ce. Shi da ya yi boko cikin 'ya'yan ƙabilun Baule da Bete, waɗanda iyayensu mata ke rungumarsu a ƙofar makaranta, wani suna daban ya ba abin.

A shekarar 1996 wasanmu mai waƙa a kan wani ɗan dako ne na bakin jirgi, wanda ya shekara ashirin bai koma gida ba. Kowa ya san wanda ya samu wannan rol ɗin shi ne gwarzon shekara. Kowa kuma ya san Alhaji Abdulra'uf, mai shigo da shinkafa, wanda zauren nasa ne, motar yawon ma tasa ce, ya sa ran ɗan ƙanensa Amir ne zai samu.

Ranar Laraba mutum talatin da ɗaya suka yi layi. Ina cikin rubutu ban ɗago ba na ji an kira ni inna da Faransancin gari, “Tanti, ba ni lamba.” Na ɗago na ga Zaharadeen da rigar aiki, da man inji a hannu. Bai taɓa taka zauren nan ba. Na rubuta ashirin da shida na miƙa masa.

Amir shi ne na sha tara, kuma tsakani da Allah ya yi ƙoƙari. Muryarsa fes, Hausarsa ta Kano ba gargada. Balaraba ta gyaɗa kai ta tambayi suna. Na ce a raina shi ke nan, Allah Ya kawo mana sauƙi.

Sai na ashirin da shida ya hau. Da ya fara karanta maganar ɗan dakon, Hausar tasa tana tuntuɓe, harshen Faransanci yana ja masa ita. Wasu 'yan mata a baya suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Amma da mai kalangu ya ɗauko waƙar, ya buɗe baki, dariyar ta mutu. Ba waƙa mai daɗi ya yi ba irin ta Amir. Ya yi ta ne kamar mutumin da buhu ke kansa, numfashi yana yankewa a daidai inda ya kamata ya yanke. Na kalli Balaraba. Maficin ya tsaya cak a hannunta, jijiyar wuyanta ta miƙe. Ba ta juya ba.

“Lamba nawa?” ta ce.

“Ashirin da shida.”

Na jira ta tambayi suna. Ba ta tambaya ba. Da aka watse ta ce min, “Ɗan dako, ashirin da shida.”

“Yaya, kin san ko wane ne?”

“Lamba na ce ki rubuta, Ikilima.”

Washegari Alhaji Abdulra'uf ya zo rumfa da kansa, ina nan ina zaɓen yadin labule. Labari ya riga ya kai masa, zauren nan ba a ɓoye komai. Mutum ne mai sanyin magana, kuma ban taɓa ganinsa da mugunta ba, wannan ne ya sa maganarsa ta fi ciwo.

“Hajiya, ni ma na ji yaron ya yi waƙa,” ya ce. “Amma mutane za su ce uwa ta ɗora ɗanta. A bar wannan ma. Yaya za ki yi ranar Asabar? Dokarki ce, ba tawa ba. Za ki tsaya gaban mutum ɗari biyu, da dangin marigayi mijinki a zaune, ki kira shi? Ki ba Amir, ki huta, kowa ya huta.”

Ta ci gaba da ninke atamfa. “Na ji, Alhaji. Allah Ya kai mu Asabar.”

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Zaharadeen ya zo shagona. A nan na yi ɓarnar da har yau take ci min rai.

“Tanti, on dit quoi, ina labari? An ce la vieille, tsohuwata, ta zaɓe ni.”

“Ba a faɗa sai Asabar.”

“Ni ba rol ɗin ya dame ni ba. Kawu Tasi'u ya samo min aiki a Yamai, tun wata biyu yake jira. Na ce bari in gwada abu ɗaya kafin in tafi. Gaya min gaskiya, za ta faɗa?”

Da na yi shiru da ya fi. Amma ni mace ce mai saurin baki, kuma haushinsa ya kama ni, ganin ya saka uwarsa a tsaka mai wuya. Na ce, “Kai wane irin ɗa ne? Shekara ashirin da bakwai ba ta faɗa ba, sai yanzu don ka yi waƙa? Kunya ce, ba ƙi ba. Ba za ta iya ba, kuma bai kamata ka nema ba.”

Ya yi murmushi, ya ce, “C'est bon, shi ke nan, Tanti. Na gode.” Ya fita. Ban san daga nan tasha ya wuce ya yanki tikitin motar Asabar ta ƙarfe biyar ba.

Asabar ƙarfe uku zaure ya cika har tagogi. Balaraba ta hau da farin mayafi, ta fara da ƙananan rol kamar kullum. Zaituna, na'am. Lami, na'am. Abdurrashid, na'am. Sunayen wasa na farko suka ƙare, na na biyu ma suka ƙare. Ni ina ta lalube da ido ban ga Zaharadeen ba. Sai Bilki ta matso ta raɗa min cewa ya ɗauki jaka tun azahar. Na so in hau in gaya mata, amma ta riga ta ce, “Saura ɗan dako.”

A layin gaba ga Alhaji Abdulra'uf, ga Amir, ga tsofaffin dangin mijinta uku sun zuba mata ido. Ta buɗe baki ta rufe. Ta gyara mayafi. Ta kalli silin, ta kalli ƙafarta. Na ga gumi yana bin kuncinta, na ji tausayinta har na ji haushin dokar da ta kafa da kanta.

“Zaharadeen.”

A hankali ya fito, kamar ba muryarta ba. Wata tsohuwa ta ce, “Subhanallahi,” ta ja mayafi ta rufe fuska. Babu wanda ya amsa.

“Zaharadeen,” ta sake, da ƙarfi wannan karon, tana duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Shiru. Na hau matakala biyu na ce mata a kunne, “Yana tasha, motar Yamai, ƙarfe biyar. Laifina ne, ni na ce masa ba za ki faɗa ba.”

Kallon da ta yi min, ban fatan maƙiyina ya gan shi.

Alhaji ya yi gyaran murya. “Hajiya, saura ɗaya. Ki cika, mu wuce.”

“Dokar ta ce sau uku,” in ji ta. “Ba ta ce a ina ba. Amir, taso mu je, kai ne shaida. In na kira bai amsa ba, rol naka ne a nan take.”

Amir ya kalli baffansa, ya miƙe. Wannan ya sa har gobe nake ganin girman yaron.

Ƙarfe huɗu da kwata muka samu taksi. A kan gada motoci suka cushe, direba yana ta zagin masu gbaka, ƙananan bas ɗin nan da ke tsayawa inda suka ga dama. Balaraba kuwa carbinta kawai take ja. Ni ina kallon agogon Amir: da rabi, saura ashirin, saura kwata. A bakin Adjamé hanya ta toshe gaba ɗaya, muka sauka muka shiga da ƙafa, mata biyu masu jiki da saurayi a tsakiya, cikin taɓo da masu tura amalanke da 'yan kamasho suna jan hannunmu. Ta san tashar nan fiye da rumfarta, ba ta tambayi kowa hanya ba.

Motar Yamai ta riga ta tayar da inji, an ɗaure tamfol a kan kaya, mai kula da ƙofa yana shirin rufewa. Gilasan sun yi ƙura, ba a ganin kowa a ciki. Hayaniya kuwa ko na kusa da kai sai ka yi masa ihu: hon, rediyo, masu kiran Bouaké da Wagadugu. Na ce bari in shiga in fito da shi. Ta riƙe min hannu.

Ta tsaya a tsakiyar fili, ta cika ƙirji da iska yadda ta sha koya wa 'yan wasa, ta sake shi.

“Zaharadeen!”

Masu kiran fasinja biyu suka yi shiru suka juyo. Mai shayin da ta saba zama a bencinsa ya tsaya da buta a hannu. Motar ta fara motsi, ta yi kamar taku biyar. Amir ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na fara kuka, don na san in motar nan ta fita, ni na kore shi.

Sai aka buga jikin mota daga ciki, da ƙarfi, sau uku. Direba ya taka birki yana masifa. Wani gilashi a can baya ya zuge, kai ya leƙo.

“Na'am, Maman.”

Ba ta kalle shi ba. Ta juya wa motar baya kamar yadda take juya wa dandamali, ta ce wa Amir, “Ka ji ya amsa?”

“Na ji, Hajiya.”

“Ikilima, gaya wa yaron nan ranar Litinin ƙarfe huɗu ake fara karatun wasa. Kuma Hausarsa tana bukatar gyara, Amir zai zauna da shi.”

Jakarsa ta tafi Yamai a ƙarƙashin tamfol, sai bayan wata guda ta dawo. Ya yi mana ɗan dako a garuruwa shida. Dangin mijinta sun yi shekara ba su taka rumfarta ba, wasu matan zango kuma suka ce wasan kwaikwayo ya cire mata kunya. Duk ta ji, ta ci gaba da harkarta.

Ta rasu a 2009. A shekarun da suka biyo bayan ranar nan ya sake neman rol sau biyu, duka biyun ta ba wasu, ta ce sun fi shi, kuma sun fi shi ɗin. Ban ƙara jin sunan a bakinta ba. Ranar sadakar uku na ba shi haƙuri a kan maganar da na yi masa a shago, na kuma tambaye shi ko yana jin zafin cewa sau ɗaya tak ya ji ta kira shi.

“Sau ɗaya?” ya ce.

Na ce, “Wanda ka ji. Ta yi biyu a zaure kafin mu zo, a gaban dangin babanka.”

Shekara goma sha uku babu wanda ya gaya masa. Kowa ya ɗauka ya sani, ita kuma ba mai faɗa ba ce. Ya zauna a ƙasa a bakin ƙofar ɗakinta, ya ce, “Tanti, faɗa min yadda ta yi. Tun daga farko.”