Yumɓun da gulbi ya ɗauke a Dauran

Ana sallame sallar asuba muka bar Kaura Namoda, ni da ƙanwata, da buhu da 'yar dagi. Hannuwana sun fara rawa, ina so in gina randa ɗaya kafin su ƙi ni gaba ɗaya, kuma ban yarda da yumɓun kowa ba sai na gaɓar gulbin da uwarmu ke haƙa, can bayan Dauran.

Motar Zurmi muka shiga. Kuɗin mota ya hau, hanya kuwa sai addu'a. Direban yaro ne mai gaggawa. Na ce masa mu ba buhunan gero ba ne, ya rage gudu. A Dauran muka karya da ƙosai da kunu. Kunun ruwa-ruwa, na kuma faɗa wa mai shi. Daga nan babur ya kai mu kufan garinmu, wanda aka watse tun ina goyon fari.

Gulbi ya yanke gaɓar kamar da wuƙa, ƙasa ta fito hawa-hawa. Na san jerinta tun ina yarinya: toka da fasassun tukwane a sama, baƙin yumɓu a ƙarƙashinsu, sannan jar marmara. Na bi gaɓar da yatsa har rana ta take. Sabon yashi ne kwance kai tsaye bisa marmara, sun haɗe baki, ko zare ba zai shiga tsakaninsu ba. Babu toka, babu yumɓu.

"Yaya, ko kin mance wurin?" in ji ƙanwata.

"Ga tsamiyarmu can. Ke ce mai mantuwa, ba ni ba."

Wani manomi da ya tsaya gaishe mu ya ce ambaliya ce ta kwashe, ta zuba yashi a madadin. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda wurin ya yi lafiya lau. Baƙo zai rantse haka Allah Ya jera su tun farko, bai san akwai gari guda a tsakani ba, da murahunsa da matansa.

Kafin la'asar muka dawo gida da buhu a naɗe. Randa dai ba zan gina ba. Na ɗauka ƙasa ba ta mantuwa, ashe tana yi, har ta rufe gurbin. Don haka na tara jikokina mata, na fara lissafa musu maginan tukwanen garinmu, daga uwarmu zuwa sama, har inda sanina ya ƙare.