Akalar Kawu Agali

Ku da kuka riski Kawu Agali, kun san bai taɓa tada mota bai zagaya baya ba. Sai ya ƙwanƙwasa rimok, keken nan da mota ke ja, ya ce, "Kun zauna? Za mu tashi." Alhali ba kowa a ciki sai tankin ruwa! Ni Tima, 'yar ƙanwarsa, ni ce ke dafa masu abinci, shi da maigidansa, a yawon da zan ba ku labari, don haka kada wani ya gyara mani zance.

Zamanin Faransi ne, tun wurin nan da ake ce wa Arlit ba komai sai duwatsu da iska. Kawu tsohon ɗan ayarin gishiri ne, ya koma tuƙa wa wani Nasara mai binciken duwatsu. Rowa kuwa, wayyo! Ganyen shayi guda sai ya tafasa shi har ruwa ya fito fari. Amma kofin farko mai ƙarfin nan, a bayan rimok yake zubar da shi.

Na ce, "Kawu, mu fa?"

Ya ce, "Ke kina tura mota in ta kafe?"

Wata rana Nasara ya zo da ɗan akwatin ƙarfe, wai birkin lantarki. A ɗaura shi ƙarƙashin sitiyari, waya ta taso daga batir, wata ta bi cikin motar har ƙafafun rimok. In ka ja ɗan hannunsa, sai rimok ta kama. Kawu ya kwanta ƙarƙashin mota yana ɗaurawa yana mita, ya naɗe wayar da tsohuwar fatar takalminsa.

Ya ce wa Nasara, "Musye, ai wannan akala ce, irin ta raƙumi. To, amma ba a fizgar na baya ba a gaya masa ba."

Nasara ya ce, "Wane na baya?"

Kawu ya ce, "In ka tambaya, ba ka isa ji ba."

Ranar gwaji, Nasara ya hau sitiyari da kansa, yana sauri, ya tada mota tun Kawu bai yi gaisuwarsa ba. Rana tsaka ce, lokacin da ko tsuntsu ba ya motsi. Ina zaune a bayan motar da goyona. Muka kama gangare mai faɗawa cikin wani kwari mai zurfi. Da idona na ga dutse ya tsinke wayar nan, tana jan ƙasa kamar wutsiyar ɓera. Tanki cike da ruwa ya dinga tunkuɗo mu. Nasara yana jan hannun akwati, shiru. Na rungume ɗana, na fara salati.

Sai Kawu ya leƙo ta taga, ba ni yake kallo ba, bayana yake kallo. Ya ce, "Ku yi haƙuri! Baƙo ne, bai iya gaisuwa ba!"

Wallahi sai rimok ta kama, ƙiii! Muka tsaya daf da bakin kwari. Nasara ya shafa akwatinsa, ya sauko yana dariya. Ni kuwa na dubi yashi. Tsakanin sawun tayoyi akwai wasu layuka dogaye, irin na wanda ya kafa dugadugai aka ja shi. Ba na mutum ɗaya ba ne.

Kawu ya sunkuya ya ƙulla wayar a ɓoye, ya share layukan da ƙafa. Ya ce, "Tima, rufe bakinki. Kada ki kunyata akwati, sabon zuwa ne."

Ranar da ya rasu, kun dai gani, wasunku ma kuna cikin masu ɗauka. Tsoho kamar kara, amma makara ta ƙi tashi daga ƙofar gida. Ƙarti suka yi ta nishi. Wa ya san maganin? Ni! Daga bayan zana na ƙwanƙwasa ice, na ce, "Kun zauna? Za mu tashi." Sai ga ta sama, ba nauyi.

Har yau kofin farko ba na sha. Allah Ya jiƙan Kawu Agali, Ya sa ya sauka lafiya inda ba gangare. Amin.